Matacin man fetur: ƙaramin abin da ke tsai da mota tsakanin Dungas da Magarya

A wata damana da ta wuce aiki ya kai ni Dungas. Ranar komowa ban samu motar ma'aikata ba, sai na shiga wata tsohuwar Peugeot 504 mai dogon baya, irin waɗanda ke jigilar mutane da kaya zuwa Magarya. Mu goma sha ɗaya ne a ciki, ban da buhunan da aka ɗaure bisa. A cikinmu akwai wata mata rungume da ɗanta mai zazzaɓi, asibitin Magarya za ta kai shi, tun da muka tashi kuma ba ta ce uffan ba, idonta na kan hanya. Ba mu yi nisa ba sai motar ta fara fizga. In direba ya taka totur sai ta yi kamar an riƙe mata wuya, in ya saki ta ɗan farfaɗo. Da muka zo hawan wani tudu mai rairayi ta yi tari biyu, ta mutu.

Direba ya ce wa yaronsa: "Kai, sauka ka busa mata." Yaron ya buɗe gaban mota, ya zare wani ɗan abu na roba wanda bai kai ƙwan kaza biyu girma ba, ya sa a baki ya hura, sai ga jan ruwa mai kamar kunun kanwa yana fita ta ɗaya bakin. Ya tofar da yawu, ya mayar, mota ta tashi. Bayan ƴar tafiya ta sake mutuwa, aka sake busawa. A karo na uku direba ya hasala, ya ce a cire abin ɗungum, a haɗa tiyo da tiyo da bututun biro. Wani dattijo da ke zaune gaba, wanda daga baya na ji ya daɗe yana aikin gareji a Damagaram, ya ce masa: "Ɗana, kada ka yi haka. Abin da yaron nan ke tofarwa, in ka cire wannan, cikin kafireta zai tafi, can kuwa baki ba ya kaiwa." Direba ya ce: "To, Baba, ya za mu yi da mai yaro?" Haka muka yi ta tafiya ana tsayawa ana busawa, tafiyar da ya kamata mu gama kafin la'asar ba mu ga fitilun Magarya ba sai bayan isha'i.

Wannan ɗan abu shi ne matacin man fetur. Makanikanmu da suka koyi aiki a Damagaram suna ce da shi filtir, waɗanda suka koyo a Kano ko Daura suna cewa filta. A wannan yanki na bakin iyaka kusan kowane ƙarfen mota suna biyu gare shi, ɗaya daga Faransanci ɗaya daga Ingilishi: wani ya ce buji wani ya ce fulogi, wani turnabis wani sukudireba, wani isansi wani fetur, kuma duk suna fahimtar juna sarai, abin da mu masu aikin fassara a ofis muke kwana muna gardama a kai. Abin da muke so mu yi wa masu karatu bayani a yau shi ne aikin wannan mataci, da dalilin da ya sa yake saurin toshewa a gundumomin Magarya da Dungas, da kuma yadda mai tsohuwar mota zai canza shi da hannunsa ba tare da ya jawo wa kansa gobara ba.

Hanyar da mai ke bi kafin ya shiga tanki

Duk wanda ya san ƙasar nan ya san cewa mafi yawan man da motocin ƙauye da babura ke sha ba daga bakin famfon gidan mai yake shiga tankinsu ba. Gidajen mai suna cikin manyan garuruwa da bakin babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Bande da Magarya ta nufi Tinkim da iyakar Najeriya. Wanda ke Guci ko Malawa ko Dogo-Dogo, ko wani ƙauye na cikin kwarin Korama, kwalba da bido su ne gidan mansa. Shekaru da yawa wannan mai daga Najeriya yake ƙetarowa, domin gwamnatin can tana biyan tallafi, lita kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Shi ne mutane suka raɗa wa suna ruwa-ruwa, samari da yawa kuma da sayar da shi suka yi aure, suka riƙe gidajensu.

Abubuwa sun sauya. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram, kan hanyar Tanut, wadda aka gina domin tace ganga 20,000 a kowace rana daga ɗanyen man Agadem, SONIDEP kuma ita ce ke rarraba shi cikin ƙasa. A wannan shekara ce kuma aka ɓalle Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta. A 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, har ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. A ranar 29 ga watan Mayu na 2023 ta janye tallafin fetur, kuɗin lita ya yi tsalle a can, ribar ɗauko shi zuwa nan ta ragu ƙwarai. A nan gida kuwa, a watan Yuli na 2024 aka rage kuɗin litar isansi daga tamma 540 zuwa 499. Da jama'a suka koma ga gidajen mai gaba ɗaya, sai buƙata ta fi ƙarfin abin da matata ke fitarwa, aka shiga ƙarancin da kowa ya tuna na watan Maris na 2025, lokacin da motoci da babura suka yi dogayen layuka.

Amma ko daga ina man ya fito, daga Najeriya ko daga SORAZ, in dai zai isa ƙauye to sai ya bi ta tano da bido da mazurari da kwalba. Nan ne matsalar take. Mai yana fita daga matata da tsabtarsa. A hanya ne yake kwasar tsatsar cikin tsohon tano, da ɓurɓushin robar bidon da rana ta gasa, da ƙurar da iska ke zubawa duk sa'ad da aka buɗe murfi, balle a lokacin hunturu da buji ke turnuƙe sama. Da damana kuma ruwa yana samun hanya, ko ta murfin da bai rufu da kyau ba, ko ta raɓar da ke taruwa cikin tanon da ba a cike yake ba. Ba sai mai sayarwa ya yi niyyar cuta ba. Da yawansu suna shimfiɗa ƙyalle a bakin mazurari, wannan kuwa abin yabo ne, sai dai ƙyalle tsakuwa da kara yake tarewa, ƙura mai laushi wucewa take yi, wani lokaci ma har da zaren ƙyallen.

Ita kanta tsohuwar mota tana da nata laifi. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 a 1968, kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna kuma ya fara aiki a 1975, daga nan ne da yawa daga cikin waɗanda suka yi zamani a hanyoyinmu suka fito. Tankunansu na ƙarfe ne. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka duk ɗigon da ya shiga ƙasan tanki yake kwantawa, shekara da shekaru yana cin ƙarfe. Direban da ba ya iya sayen abin da ya wuce lita biyu ko uku a lokaci guda, tankinsa kullum kusan fanko ne, bangon ciki na shan iska mai laima yana tsatsa, ɗan man da ke ƙasa kuma yana kaɗawa a kan gargada yana tayar da laka. Jan kunun da yaron mota ya yi ta tofarwa a hanyar Dungas, rabinsa ƙasar hanya ce, rabinsa kuwa tankin motar ne da kansa yake narkewa.

Abin da matacin ke karewa

Cikin matacin ba wani abin mamaki ba ne: takarda ce ta musamman da aka naɗe ta ninki-ninki domin ta samu faɗi a ƙaramin wuri. Mai yana shiga ta baki ɗaya, ya ratsa takardar, ya fita ta ɗaya bakin, dattin ya tsaya. Dalilin da ya sa ake buƙatarsa shi ne, ƙofofin da mai ke bi a cikin kafireta ƙanana ne ƙwarai. Wadda ke ba inji mai sa'ad da mota ke tsaye tana aiki, faɗinta wajen rabin milimita ne, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe ta. Akwai kuma ƴar allura mai rufe hanyar mai in kwanon kafireta ya cika, wadda in datti ya maƙale mata ba ta rufewa, mai ya yi ta malala bisa inji mai zafi. Motocin da suka biyo baya, masu injekta, kamar Toyota Corolla da Starlet na shekarun 1990 waɗanda suka cika tashoshinmu, ƙofofinsu sun fi haka ƙanƙanta, gyaransu kuma ya fi tsada.

Alamun toshewa ba su da wuyar ganewa ga wanda ya lura. Mota tana tashi lafiya, tana aiki lafiya a tsaye, domin a lokacin kaɗan take sha. Sai an ɗora mata kaya, ko an shiga rairayi, ko an zo hawan tudu, ko ana son wuce wata mota, watau lokacin da take neman mai da yawa, sa'an nan take fizga ta rasa ƙarfi. In ta mutu aka bar ta ƴan mintoci sai ta tashi kamar ba ita ba, saboda dattin ya saki takardar ya kwanta, mai ya ɗan tsattsafo ya cika kwano. Wannan hali ne ke ruɗin mutane, su yi ta sayen buji, su zargi batir, su kwance kafireta sau uku, alhali kuwa abin da ke damun motar yana nan a fili, rataye a jikin tiyo. In matacin na roba ne mai nuna ciki, dubawa kawai ta isa: takardar da ta kasance rawaya in ta koma baƙa ko ja, ko aka ga laka kwance a ƙasa, kwanansa ya ƙare.

A nan ya kamata mu tsaya kan dabarun da aka saba yi, domin su ne ke kashe injuna. Busawa da baki tana iya kai mutum gari na gaba, ba mu musa ba, mu ma ita ta kai mu Magarya. Sai dai ba ta fitar da ƙurar da ta shige cikin jikin takarda, in kuma aka yi da iskar famfon taya takardar yagewa take yi. Matacin da ya yage kuwa ya fi wanda ya toshe sharri, domin mota za ta yi gudu, mai ita ya yi murna, datti kuma yana wucewa kai tsaye. Haka nan huda shi da ƙusa, ko cire shi a haɗa tiyo da tiyo. Ban da wannan, fetur ba abin sawa a baki ba ne. Ɗan kaɗan in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana kawo ciwon huhu mai tsanani, yaran mota kuwa, waɗanda galibinsu ƙanana ne, su ake sa wa wannan aiki kullum, su busa mataci, su zuƙo mai da tiyo daga bido. A ganina wannan ya kamata shugabannin tasha su dube shi.

Akwai kuma abin da mataci ba ya iyawa, gara a faɗa domin kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ba ya raba fetur da kananzir in an gauraya su. Motar da ta sha irin wannan mai za ta yi ta ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, ko da matacinta sabo ne. Ba ya kuma tare ruwa yadda ya kamata, ruwan ma kumbura takardar yake yi ya toshe ta. Mai shakkar man da zai saya, ya sa a zuba a kwalba mai haske a ajiye ta ɗan lokaci: in da ruwa zai gan shi ya kwanta a ƙasa, da iyaka a fili tsakaninsa da fetur.

Yadda ake canza shi a motar kafireta

Kafin a taɓa kome, a nemi wuri a fili inda iska ke wucewa, nesa da murhu, da mai shayi, da mai gasa nama, da mai walda. A tashoshinmu duk waɗannan a gefe guda suke zaune da makanikai, shi ya sa muka fara da su. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe, yana iya isa ga garwashin da ke taku da yawa daga mota, wuta kuma ta biyo shi ta dawo. Kada a sha taba, kada a haska da ashana ko fitilar kwai in dare ne. A bar inji ya huce. A cire wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragewa. A ajiye bokitin rairayi kusa, domin wutar fetur ruwa ba ya kashe ta, yaɗa ta yake yi, rairayi kuwa ba abin da muka rasa ba ne.

Kayan aikin kaɗan ne: turnabis, da filaya, da tsumma, da ƴar tasa ta tarbar mai, da sabon mataci wanda bakinsa ya yi daidai da tiyon motar, galibi milimita 6 ko 8. A bi tiyon da ya fito daga kafireta a koma baya zuwa famfon mai da ke jikin inji, daga nan zuwa bututun da ya taho daga tanki. Matacin yana kan wannan hanya, ko kafin famfo ko bayansa. Kafin a cire tsohon, a dubi kibiyar da ke jikinsa a riƙe inda ta fuskanta. Sa'an nan a sassauta zoben ƙarfen da ke ɗaure kowane bakin tiyo, a ja shi baya, a murɗa tiyon a hankali hagu da dama har ya saki. Kada a fizge shi da ƙarfi, kada kuma a cusa turnabis a ɓanɓare, tsohon tiyo yana tsagewa. Bakin da ya fito daga tanki yakan ci gaba da zubar da mai, sai a toshe shi da ƙusar ƙarfe mai tsabta ko a ɗaga shi sama.

A sa sabon, kibiyarsa tana nuna wajen kafireta, watau inda man ya nufa. Wannan ita ce kuskuren da aka fi yi. In aka juya shi mota za ta yi aiki, amma takardar ba a gina ta ta ɗauki matsi ta wannan gefe ba, tana saurin toshewa ko ta ɓalle. A tura tiyo har ya haye ƙullin da ke bakin matacin, a mayar da zobe a ɗaure, ba da ƙarfin da zai fasa robar ba. Waya ko tsinken roba na tsohuwar tuf ba su maye gurbin zobe, ko da yake mun san da su ake ɗaure rabin motocin karkara. A duba kada matacin ya jingina da bututun hayaƙi ko ya yi kusa da bel ɗin fanka.

Tun da hannu ya riga ya ɓaci, a dubi tiyon da kansa. A lanƙwasa shi: in ya nuna tsage-tsage, ko ya bushe ya yi tauri, ko ya yi laushi kamar danƙo, a canza shi tare da matacin. Zafin bazara a nan ba ya barin roba ta daɗe. Kuma tiyon fetur daban yake da tiyon ruwa. Farin tiyon nan da magina ke awo da shi, wanda ake gani a motoci da yawa saboda arha, fetur yana busar da shi, wata rana sai ya zame daga bakinsa mota na tafiya. Gobarar mota da yawa daga nan take tashi.

In an gama, a share man da ya zube, a jira ya bushe, a mayar da wayar batir, a tayar. Za ta ɗan yi jinkiri kafin famfo ya jawo mai ya cika hanya. A bar ta tana aiki, a tsaya a dubi bakunan biyu, a shafa da yatsa a ga ko da danshi. In aka ga matacin bai cika fal ba, akwai iska a samansa, wannan ba aibi ba ne, haka suke aiki. Dukan aikin bai kai rabin sa'a ba, kuɗin matacin kuma sau da yawa bai wuce na ƴan litocin mai ba.

Motar injekta dabam ce

Mai motar injekta kada ya ɗauki bayanin da ya gabata ya aikata shi yadda yake. A motar kafireta matsin mai kaɗan ne. A motar injekta famfon lantarki ne ke turo shi daga tanki da matsin da ya ninka wancan wajen sau goma, ya ma fi iskar da ke cikin tayar motar, kuma matsin yana nan cikin bututu ko bayan an kashe inji. Wanda ya kwance ba shiri, fetur zai feso masa a fuska. Abin da ake yi shi ne a cire fiyus na famfon mai, a tayar da mota a bar ta ta mutu da kanta, sa'an nan a cire wayar batir, a lulluɓe mahaɗar da tsumma kafin a sassauta ta.

Matacin irin wannan mota gwangwani ne na ƙarfe. A wasu yana cikin ɗakin inji, a wasu kuma yana ƙarƙashin mota kusa da tanki. Da yawa ana ɗaure su da ƙusa mai rami wadda mai ke bi ta cikinta, da zobba biyu na jan ƙarfe masu hana yoyo. Waɗannan zobba sau ɗaya suke aiki, sababbi ake sawa. Ana kwancewa da sifana biyu, ɗaya ta riƙe matacin ɗaya ta juya, in ba haka ba bututun ƙarfe ya murɗe, aikin rabin sa'a ya koma na kwana biyu da aike Kano. In za a shiga ƙarƙashi, kada a dogara ga jak shi kaɗai, balle a kan rairayi. Bayan an ɗaure, a murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa a mayar, sau uku ko huɗu, domin famfo ya cika hanya, a duba yoyo, kana a tayar. Ko kusa kada a sa ɗan matacin roba na motar kafireta a nan, fashewa zai yi. Motocin da suka fi waɗannan sabunta kuwa, da yawansu matacinsu yana cikin tanki haɗe da famfo, wannan aikin gareji ne.

Yaushe ake canzawa

Littattafan da masu ƙera motoci ke bayarwa suna ƙidaya da dubban kilomitoci masu yawa, amma an rubuta su ne domin ƙasashen da mai ke fita daga famfo ya shiga tanki bai ga rana ba. Ga shi kuma yawancin tsofaffin motocinmu agogon kilomitansu ya daɗe da tsayawa. Gara mutum ya ƙidaya da lokutan shekara. Motar haya mai zirga-zirgar kasuwanni, mai shan man kwalba, ya dace a duba matacinta duk sa'ad da aka juye baƙin mai, a canza shi a ƙarshen hunturu bayan ƙura ta lafa, a sake a ƙarshen damana kafin a shiga jigilar kaka, lokacin da wake da riɗi da gyaɗa da raken Korama ke neman mota, ga kuma masu dabbobi da ke nufar kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Direban da motarsa ta kwana a daji a wannan lokaci ya san abin da ya rasa.

In aka sa sabo ya toshe cikin mako ɗaya ko biyu, to kada a zargi mai shago tukuna, tankin ne ke aiko da datti. Sai a sauke shi a wanke, a duba ƴar ragar da ke bakin bututun ciki, in tsatsa ta cinye shi a nemi wani. Wankin tanki ma yana da haɗari: tankin da aka juye ya fi cikakke saurin fashewa, domin tururi ne cike da shi, saboda haka ba a kusantar da shi ga mai walda sai a hannun wanda ya san aikin. Wasu direbobi kan jera mataci biyu a motar kafireta, ɗaya kafin famfo ɗaya bayansa. Dabara ce mai kyau ga tsohon tanki, muddin dai ana duba na farkon, domin in ya toshe famfo ne ke wahala.

Wajen saye kuma a buɗe ido. Kasuwa cike take da mataci iri-iri, wasu in ka ɗaga su ga rana za ka ga takardar ƴar kaɗan ce, ko ba ta manne da murfinta ba. A girgiza shi a kunne, wanda cikinsa ke motsi a ajiye shi. A duba ɗinkin da ya haɗa ɓangarorin robar biyu. Kuma wanda zai sayi ɗaya ya sayi biyu, da zobba biyu da ɗan guntun tiyo, ya naɗe su cikin leda ya jefa a akwatin gaban mota tare da turnabis. Dattijon nan na motar Dungas, da muka sauka a tashar Magarya, matar ta riga ta hau babur da ɗanta ta nufi asibiti, sai na ji yana tambayar direba ko akwai shagon kayan mota da bai rufe ba. Direba ya ce akwai ɗaya bayan tasha. Ya ce: "To, aiki yaron yanzu, tun kuɗin lodin yau na aljihunka."